Littafin Shekara a Bakin Masu Karatu

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Janairu, jaridu da mujallu da gidajen rediyo da shagunan littattafai a ƙasashe da dama sukan fitar da sunayen littattafan da suka yi fice a shekarar da ke ƙarewa. Editoci su fitar da nasu, alƙalan gasa su bayyana wanda ya ci kyauta, sannan masu karatu na gari, malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da ɗan kasuwa da ɗalibi, su ma su faɗi littafin da ya fi zauna musu a rai. Ɓangaren da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na littattafan da ba ƙagaggu ba: tarihi, labarin rayuwa, kimiyya, siyasa, tattalin arziki, labarin tafiye-tafiye da binciken 'yan jarida. A nan ne zaɓin mai karatu ya fi shan bamban da na masana, kuma daga nan ne ake gane tambayoyin da suka dami jama'a a wannan shekarar.

Kasuwa ce ta haifi al'adar. A Turai da Amurka, kamfanonin ɗab'i sukan riƙe manyan littattafansu sai lokacin kaka, tsakanin Satumba da Nuwamba, saboda a Disamba ake cinikin littafi fiye da kowane wata, albarkacin kyautar Kirsimeti. Wanda ya shiga shago ya tarar da dubban sababbin littattafai yana buƙatar mai nuna masa hanya, jaridu kuwa suka ɗauki wannan aikin. A ƙasar Ayislan abin ya kai ga tun 1944 masu ɗab'i suke buga kundin sunayen sababbin littattafai kafin ƙarshen shekara. Jaridar New York Times, wadda take da sashen sharhin littattafai tun 1896, takan fitar da sunaye 100 kowace shekara, sannan ta tace su zuwa 10, rabi ƙagaggu, rabi na gaskiya.

Kyaututtuka sun zo sun ƙara wa abin nauyi. Kyautar Pulitzer ta buɗe rukuni na musamman ga irin waɗannan littattafai a 1962, inda Theodore White ya fara cin ta da littafinsa kan zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1960. A Birtaniya an kafa kyautar Samuel Johnson a 1999, wadda ta koma Baillie Gifford a 2016, kuma wanda ya ci yana tafiya da fam 50,000. Antony Beevor ne ya fara ɗaukar ta da tarihin yaƙin Stalingrad. A 2015 aka ba Svetlana Alexievich ta ƙasar Belarus kyautar Nobel ta adabi, alhali aikinta duka tattara muryoyin mutane ne: matan da suka yi yaƙin duniya na biyu, sojojin Tarayyar Sobiyet da suka dawo daga Afganistan, da waɗanda hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl ya rutsa da su. Duk waɗannan hukunci ne na mutane ƙalilan waɗanda karatu ne sana'arsu.

Ƙuri'ar jama'a

Zaɓen masu karatu mafi girma a yau shi ne wanda Goodreads ke shiryawa. An buɗe dandalin a 2007 domin mutane su riƙa rubuta abin da suka karanta, kamfanin Amazon ya saye shi a 2013, gasar zaɓin masu karatu kuwa ta fara a 2009. Ana jefa ƙuri'a a Nuwamba, a bayyana sakamako a farkon Disamba, kuma ƙuri'un kan kai miliyoyi. An raba littattafan gaskiya gida-gida, kamar labarin rayuwa da marubuci ya bayar da kansa, da tarihi, da sauran fannoni.

Idan aka bi sunayen waɗanda suka yi nasara, za a ga abu ɗaya yana maimaita kansa: jama'a sun fi son a ba su babban al'amari ta bakin mutum guda. A 2013 littafin Malala Yousafzai ne ya ci rukunin labarin rayuwa, shekara ɗaya bayan 'yan Taliban sun harbe ta a kwarin Swat na Pakistan. A 2016 aka zaɓi na Paul Kalanithi, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da ya rubuta labarin jinyarsa yana fama da sankarar huhu, ya rasu a 2015 yana da shekara 37, littafin bai riga ya fito ba. A 2018 sai Tara Westover, wadda ta tashi a ƙauyen jihar Idaho a gidan da ba a yarda da makaranta ko asibiti ba, ba ta taɓa zama a aji ba sai tana da shekara 17, daga baya ta yi digirin digirgir a Jami'ar Cambridge. Ilimin 'ya mace, mutuwa, da ikon iyaye a kan 'ya'ya batutuwa ne da masana suka rubuta ɗaruruwan littattafai a kansu. Waɗanda suka isa hannun jama'a su ne masu fuska da suna.

Tsarin yana da raunin da ba a ɓoye yake ba. Babu mai tambayar mai jefa ƙuri'a ko ya karanta littafin, balle sauran da ke takara da shi. Saboda haka suna yakan rinjayi inganci. A 2023 labarin rayuwar mawaƙiya Britney Spears ya lashe rukuninsa 'yan makonni da fitowarsa, kuma ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane cewa masoyan waƙarta ne suka ɗauke shi. Littafin da ƙaramin kamfani ya buga, ko wanda aka fassaro daga wani harshe, da wuya ya ga haske a irin wannan fage. Amma a wannan shekarar dai masu ƙuri'ar suka zaɓi littafin Matthew Desmond kan dalilin da ya sa talauci ya ƙi ƙarewa a Amurka, aikin malamin jami'a mai cike da alƙaluma. Jama'a ba su da saurin ruɗuwa kamar yadda wasu masu sharhi ke ɗauka.

Shekarar mai karatu

Akwai bambanci na asali tsakanin jerin edita da jerin mai karatu, kuma shi ne ya sa na biyun yake da daraja tasa. Edita yana zaɓe ne daga littattafan da aka buga a cikin shekarar. Mai karatu kuwa, idan aka tambaye shi littafinsa na bana, abin da ya karanta bana zai faɗa, ko da an buga shi kafin a haife shi. Abin da ke faruwa a duniya shi ke tura shi wajen littafin.

An ga haka ƙarara a 2020. Da annobar korona ta rufe mutane a gida, littafin John Barry kan murar da ta kashe miliyoyin mutane a 1918, wanda aka buga tun 2004, ya dawo cikin waɗanda aka fi saye. A tsakiyar shekarar, bayan kisan George Floyd a birnin Minneapolis, littattafan da ke bayanin wariyar launin fata suka mamaye kasuwa, kuma Caste na Isabel Wilkerson, wanda ya kwatanta matsayin baƙar fata a Amurka da tsarin ɗabaƙoƙin Indiya da dokokin Jamus na zamanin Hitler, ya ci rukunin tarihi a ƙuri'ar masu karatu. Bayan Oktoban 2023, littafin Rashid Khalidi kan tarihin Falasɗinu na shekaru ɗari, wanda ya fito a 2020, ya shiga jerin masu tashe ya daɗe a ciki. Babu wani tallan kamfani da ya yi wannan aikin. Mutane ne suka tashi da tambaya suka tafi neman amsa, wanda ya samu kuma ya gaya wa na kusa da shi.

Labarin wani littafi guda ya isa ya nuna abin da bakin masu karatu ke iya yi. Henrietta Lacks baƙar fata ce daga dangin manoman taba na jihar Virginia. A 1951 ta je asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore da ciwon sankarar bakin mahaifa. Likitoci suka yanki ɗan naman ƙarin ba tare da saninta ba, suka kai ɗakin gwaji, inda aka tarar ƙwayoyin halittar ba sa mutuwa kamar na sauran mutane, sai hayayyafa suke yi. Ita ta rasu a watan Oktoba na wannan shekarar tana da shekara 31, ta bar 'ya'ya biyar. Ƙwayoyin nata, da aka sa wa suna HeLa, suka bazu ɗakunan gwaji na duniya, aka yi amfani da su wajen gwada rigakafin shan inna da bincike iri-iri, kamfanoni suka yi kuɗi da su, iyalinta kuwa ba su ji labari ba sai bayan shekara ashirin da ɗoriya. Rebecca Skloot ta shafe kusan shekara goma tana bin iyalin, musamman 'yarta Deborah, kafin littafin ya fito a 2010. Masu karatu suka zaɓe shi littafin shekara a rukunin littattafan gaskiya, ƙungiyoyin karatu suka ɗauka, jami'o'i suka sa shi cikin abin da sababbin ɗalibai za su karanta. A 2013 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta ƙulla yarjejeniya da iyalin kan wanda zai iya duba bayanan gadon halittar ƙwayoyin, a 2023 kuma iyalin suka sasanta da wani kamfani da suka kai ƙara. Masana kimiyya sun daɗe da sanin sunan HeLa. Sai da labarin ya shiga bakin jama'a sannan aka fara tambayar haƙƙin matar da aka ɗebo shi daga jikinta.

Tsakanin edita da talaka mai karatu akwai wasu masu karatu da muryarsu ta kai ta jarida. Barack Obama yakan fitar da jerinsa kowane ƙarshen shekara, Bill Gates ma haka, kuma na Gates ya fi karkata ga kimiyya da lafiya da tattalin arziki. A 2018 ya yaba wa Factfulness na likitan nan ɗan Suwidin Hans Rosling har ya ba duk ɗalibin da ya gama jami'a a Amurka a shekarar damar samun kwafe kyauta. Ambato ɗaya daga irin waɗannan mutane kan ƙarar da bugu guda cikin mako. Illar ita ce miliyoyin mutane su taru a kan littattafai goma, dubbai kuma su kwanta a ɗakin ajiya.

Amana

Wanda ya yaba wa ƙagaggen labari ya faɗi abin da ya yi masa daɗi ne kawai. Wanda ya miƙa wa abokinsa littafin tarihi ko na lafiya ya tsaya masa shaida cewa abin da ke ciki gaskiya ne, ko ya sani ko bai sani ba. Wannan nauyi ne da masu karatu da yawa ba sa lura da shi.

A 2005 mai gabatar da shirin talabijin Oprah Winfrey ta zaɓi labarin rayuwar James Frey, wanda ya ba da labarin yadda ya fita daga shaye-shaye, a matsayin littafin ƙungiyar karatunta, aka sayi miliyoyin kwafe. A Janairun 2006 masu bincike suka gano ya ƙara gishiri a muhimman wurare, ciki har da cewa ya yi wata uku a kurkuku alhali sa'o'i kaɗan ya yi a tsare. Oprah ta kira shi cikin shirinta ta titsiye shi a gaban jama'a, kamfanin da ya buga littafin kuma ya yarda ya mayar wa masu saye kuɗinsu. Daga baya matsalar ta ɗauki sabon salo. A Mayun 2025 jaridar Chicago Sun-Times ta buga jerin littattafai 15 da ta ba da shawarar a karanta, sai aka tarar 10 daga ciki babu su a duniya. Wanda ya haɗa jerin ya dogara da ƙirƙirarriyar basira, ita kuma ta ƙago sunayen littattafai ta jingina wa marubuta na gaske. Masu karatu ne suka fara gano abin. Shawarar da take da amfani ita ce ta wanda ya karanta littafin har ƙarshe, ya iya faɗin abin da marubucin ya kafa hujja da shi, ya kuma nuna inda bai gamsu ba.

A Najeriya

Littattafan gaskiya da suka fi tayar da ƙura a Najeriya su ne na 'yan siyasa da sojoji da waɗanda suka ga yaƙin basasa. There Was a Country na Chinua Achebe, wanda ya fito a 2012 watanni kaɗan kafin rasuwarsa, ya jawo cacar baki mai zafi saboda abin da ya faɗa kan rawar Obafemi Awolowo a yaƙin Biyafara. The Accidental Public Servant na Nasir El-Rufai ya yi irin wannan tashe a 2013. A Fabrairun 2025 Janar Ibrahim Babangida ya ƙaddamar da tarihin rayuwarsa a Abuja, inda ya amsa cewa Moshood Abiola ne ya ci zaɓen 12 ga Yunin 1993. A wajen taron aka yi alƙawarin biliyoyin naira domin gina ɗakin karatu da sunansa.

Wannan ita ce siffar da ta fi yawa. Ana ƙaddamar da littafi da babban taro, attajirai su sayi kwafe kaɗan da miliyoyi, jaridu su ɗauko shafi biyu ko uku masu zafi a yi ta gardama a kansu mako guda, sannan a yi shiru. Masu gardamar da yawa ba su riƙe littafin a hannu ba. Babbar kyautar adabi ta ƙasar, wadda kamfanin iskar gas na NLNG ke bayarwa tun 2004 kuma ta kai dala 100,000, tana zagayawa ne tsakanin ƙagaggen labari da waƙa da wasan kwaikwayo da adabin yara. Marubucin tarihi ko na labarin rayuwa ba shi da gurbi a cikin huɗun nan. Duk da haka akwai littattafan da masu karatu suka raya da kansu, kamar na Max Siollun kan juyin mulkin soja, da na Yusufu Bala Usman, musamman wanda ya rubuta a 1987 kan yadda ake amfani da addini wajen cimma burin siyasa, wanda matasa ke komawa gare shi duk lokacin da rikici ya tashi.

Ƙasar Hausa

Mutane da yawa idan an ce littafin Hausa, littafin soyayya ne ke faɗo musu a rai, saboda tashen adabin kasuwar Kano tun daga shekarun 1980. Amma rubutun gaskiya ya girmi ƙagaggen labari a ƙasar Hausa da ɗaruruwan shekaru. Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna tun daga Bagauda, da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello na 1812, da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo, duk an rubuta su da Larabci kafin zuwan Turawa. Da boko ya shigo, daga cikin ayyukan farko da Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar akwai Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, juzu'i biyu a 1932 da 1933, kafin sakamakon gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar.

Labarin rayuwa da Hausa ya fi haka tsufa. Dorugu yaro ne daga yankin Damagaram da aka kama bawa, aka 'yanta shi, ya bi Bature ɗan yawon bincike Heinrich Barth har Tambutu, sannan ya je Ingila da shi a 1855. A can ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Baba ta Karo, tsohuwa daga ƙasar Zazzau, ta zauna da Mary Smith a 1949 da 1950 ta ba ta labarin duk abin da ta gani: harin masu kamun bayi, aure da kishi da saki, ƙawance, bori, da isowar Turawa. An buga shi da Turanci a 1954, kuma har yau babu kamarsa wajen nuna rayuwar matan karkara a wancan zamani. Ya fi shahara a jami'o'in waje fiye da garuruwan da aka yi labarin a cikinsu, abin da ya kamata ya dami duk mai kishin harshen.

Tsakanin 1940 da 1960 aka yi zamanin da rubutun gaskiya da Hausa ya fi samun gata, a ƙarƙashin Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945 da hukumar NORLA da ta biyo baya. Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi kan ziyarar da ya kai Ingila a 1943 tare da wasu editocin jaridun Afirka ta Yamma, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe. Shi da Rupert East suka haɗa Ikon Allah, wanda ya bayyana halittu da sararin sama da Hausar da ɗan firamare zai gane. Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama kan tafiyarsa Turai, Wazirin Sakkwato Junaidu ya fitar da Tarihin Fulani, Alhaji Abubakar Dokaji kuma Kano Ta Dabo Cigari. Daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tarihin rubutun kansa cikin Hausa a Rubuce a 1988. A Nijar, yawancin irin wannan aiki da Faransanci aka yi shi, kamar tarihin daular Damagaram da André Salifou ya buga a 1971, don haka Bahaushen Kano da na Damagaram kowa yana karanta tarihin ɗan'uwansa ne, in ya karanta, ta harshen da ɗayan bai sani ba.

Misali na kusa shi ne Shata Ikon Allah!, tarihin Alhaji Mamman Shata da Ibrahim Sheme da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami suka fitar a 2006, shekara bakwai bayan rasuwar mawaƙin. Ƙaton littafi ne da aka gina a kan hira da makaɗa da 'yan amshi da iyali da waɗanda aka yi wa waƙa. Mutumin da ya yi shekaru yana jin wata waƙa a rediyon mota, a nan yake samun labarin wanda aka yi wa ita da abin da ya haɗa su. Irin wannan littafi yana tafiya ne hannu da hannu. Wani ya saya, a ara a majalisa, ya kwana uku a shagon tela, ya wuce wajen direba, ya dawo wa mai shi bango ya yage an ɗaure shi da salatif. Kwafe ɗaya kan ratsa hannu goma, kuma babu rajistar da ke ƙirga su.

Ba da shawarar littafi ba baƙon abu ba ne a nan, tsarinsa ne ya bambanta. A makarantar zaure malami ne ke cewa ɗalibi ya sauke Ahalari ya ɗauki Ishmawi, daga nan Iziyya da Risala. Akwai ma lokacin karatu na shekara-shekara da ya kafu: a watan azumi, ban da tafsiri, ana karanta Ashafa ta Alƙali Iyal a masallatai da fadoji, ana fassara ta da Hausa ga dubban masu sauraro. Sirar Annabi ta Safiyur Rahman Mubarakfuri, Arrahiƙul Makhtum, wadda ta zo ta ɗaya a gasar da Ƙungiyar Musulmi ta Duniya ta shirya a ƙarshen shekarun 1970, ta yaɗu a Arewa ta bakin malamai da ɗalibansu. Littattafan addini su ne littattafan gaskiya da aka fi saye a ƙasar Hausa, kuma duk wanda ya ratsa layin masu littattafai a Kasuwar Kurmi ya ga shaida. Suna da malaman da ke ambatonsu, da majalisun da ake karanta su, da 'yan kasuwar da ke sake buga su in sun ƙare.

Littafin soyayya shi ma ya gina tasa hanyar: shagunan haya, shirye-shiryen rediyo da ake karanta shi, yanzu kuma rukunonin WhatsApp inda marubuciya ke sakin labari shafi-shafi ana biya. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda ta fara a 2016, ta gajerun ƙagaggun labarai ce. Wanda aka bari a tsakiya shi ne littafin tarihi da kimiyya da tarihin rayuwa da Hausa. Ba shi da mumbari, ba shi da shagon haya. Marubucinsa galibi da kuɗin aljihunsa yake bugawa, kwafe ɗari biyar ko dubu, ya raba rabi a wajen ƙaddamarwa, sauran su zauna a kwali a gidansa. Tsadar takarda, wadda ake shigowa da ita da dala, ta sa sake bugu ya zama da wuya. Kundayen digiri masu ɗauke da tarihin garuruwa da sana'o'i da masarautu suna jibge a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo, kaɗan ne aka mayar littafi.

Akwai alamun motsi. Bikin littattafai da fasaha na Kaduna ya fara a 2017, bikin littattafan Hausa na ƙasa da ƙasa ya biyo baya a 2021, rassan Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya suna zaman karatu, kuma a Facebook ana samun matasa da ke jera abin da suka karanta idan Disamba ta zo. Yawancin abin da suke jerawa na Turanci ne, kuma da yawa littattafan koyon neman kuɗi da gyaran hali ne da aka rubuta domin ma'aikacin ofis na Amurka, waɗanda ake samu da araha a bugun satar fasaha a bakin titi ko a waya. Na Hausa da ke shiga irin wannan jeri kaɗan ne, kuma babban dalili shi ne mai karatu bai san sun fito ba.

Shi ya sa ambaton littafi a bakin mai karatu yake da nauyi a nan fiye da London ko New York. A can, littafin da mai karatu bai ambata ba yana da jarida da kundin kamfani da ɗakin karatu da za su riƙe sunansa. Littafin Hausa da aka buga a Gusau ko Katsina ko Maraɗi sau da yawa ba shi da lambar rajista ta duniya, ba ya cikin wani kundi, kuma mai shago a Kano bai taɓa jin sa ba. Idan mai karatu ya faɗi sunansa, ya ƙara da sunan marubucin da shekarar bugu da maɗaba'ar da ta buga shi da shagon da ya saya, ya yi aikin da a wasu ƙasashe ma'aikatu uku ke rabawa. Masu sayar da littattafai kan lura da abin da ake yawan tambaya, kuma tambayar ce ke sa su nemi marubuci ko magadansa a yi maganar sake bugu.